Jinya da Kiɗa da Waƙa a Karkarar Kano: Wa Zai Koya, Wa Zai Duba Aikin?

Idan aka ce wa mutumin Ɗambatta ko Kunci ko Minjibir akwai sana'ar da ake jinyar mara lafiya da kiɗa da waƙa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne garaya da buta da 'yan bori. Wani kuma zai ɗauka nishaɗi ake nufi, irin a kunna rediyo a ɗakin marasa lafiya don ya ɗebe musu kewa. Akwai na uku, wanda ya leƙa intanet ya ga ana tallan kwas na kwana uku da satifiket a ƙarshensa, ya zaci da wannan takarda mutum ya zama gwani. Kowannensu ya hango wani gefe na maganar. Abin da ya kuɓuce musu shi ne yadda ake horar da mai wannan aiki, da wanda ke duba shi bayan ya fara, da mutanen da yake komawa wurinsu idan abu ya shige masa duhu. A kan waɗannan ne sana'ar ta tsaya a ƙasashen da ta kafu, kuma su ne suka yi ƙaranci a wajenmu.

Ma'anar kalmomin

Turawa na kiran sana'ar miyuzik terafi. Miyuzik ya haɗa kiɗa da waƙa, abubuwan da Bahaushe ya raba wa suna biyu. Terafi kuwa ya fi kusa da jinya a kan magani. Magani abu ne da ake sha ko a shafa, jinya kuma hidima ce da ake yi wa mara lafiya a hankali, yau da gobe, ana lura da yadda jikinsa ke amsawa. Saboda haka a wannan sharhi za a riƙa cewa jinya da kiɗa da waƙa, ko jinya da kiɗa a taƙaice.

Abubuwa huɗu ne ke raba wannan jinya da kiɗan biki. Ana fara ta da binciken halin da mara lafiya ke ciki. Ana sa mata manufa da za a iya aunawa, misali mai shanyewar ɓarin jiki ya iya taku ashirin ba tare da ya tsaya ba. Ana rubuta abin da ya faru a kowane zama. Sannan mai yin ta yana da wanda yake kai wa bayanin aikinsa. A biki, makaɗi ne tauraro. A ɗakin jinya kuwa, mara lafiya ne ke jan ragama, makaɗin yana bin numfashinsa da takunsa.

Sai kalma biyu da ke yawo a bakin ma'aikatan lafiya. Ta farko ita ce ƙarin ilimi a bakin aiki, wato karatun da ma'aikaci ke ci gaba da yi bayan ya karɓi shaidar kammala makaranta, ta hanyar bita da taruka da zama a gaban na gaba da shi. Ta biyu ita ce netwokin. A ƙauyukanmu netwok sabis ɗin waya ne, wanda ake hawa tudu a nema. A bakin masu sana'a kuwa ana nufin zumuncin sana'a: sanin juna, tura wa juna mara lafiya, tambayar juna, da tsawata wa juna.

Yadda ake zama ɗan sana'ar a inda ta kafu

Sana'ar a siffarta ta yau ta taso ne a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa kai makaɗa asibitocin sojojin da suka dawo da raunuka da firgici. Likitoci sun ga amfanin abin, sun kuma ga cewa iya kiɗa kaɗai ba ya isa. A 1944 aka buɗe karatun digiri na farko a wannan fanni a kwalejin jihar Mishigan, a 1950 kuma masu aikin suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. A yau ɗalibi a Amurka sai ya yi awa 1,200 na horo a gaban marasa lafiya kafin ya zauna jarrabawar hukumar da ke ba da shaida, wadda aka kafa a 1983. Shaidar ba ta dindindin ba ce. Duk shekara biyar sai ya nuna ya tara maki 100 na ƙarin ilimi kafin a sabunta masa.

A Ingila, wata mai goge babban molon Turawa, Juliette Alvin, ta kafa ƙungiya a 1958, ta buɗe kwas a makarantar kiɗa ta Guildhall da ke Landan a 1968. Tun 1999 gwamnati ke yi wa masu sana'ar rajista, kuma laifi ne mutum ya laƙaba wa kansa sunan ba tare da ita ba. Ƙungiyar duniya ta masu jinya da kiɗa an kafa ta ne a birnin Janowa na Italiya a 1985, tana kuma yin babban taronta duk shekara uku. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa: Jami'ar Piritoriya ta fara digiri na biyu a fannin a 1999, kuma hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar na yi wa waɗanda suka gama rajista.

Abin lura a wannan tarihi shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Aiki ne ya fara, sai masu aikin suka nemi juna, sai makaranta ta ƙarfafa, doka ta zo daga baya. A Ingila shekara arba'in da ɗaya ce tsakanin kafa ƙungiya da samun rajistar gwamnati.

Kada kuma a ɗauka Turawa ne suka fara tunanin. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi kan kiɗa da tasirin sautuka a zuciya. A asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Bayazidu na Biyu ya gina a Edirne a 1488, wani matafiyi mai suna Evliya Çelebi ya ba da labarin makaɗa goma da ke zuwa sau uku a mako suna yi wa masu taɓin hankali kiɗa.

Abin da bincike ya tabbatar, da wanda bai tabbatar ba

Mai neman shiga sana'ar ya kamata ya fara da sanin iyakarta. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne wajen motsi. Binciken Michael Thaut da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa bugu mai daidaito, kamar na ganga, yana taimaka wa masu ciwon karkarwa da masu shanyewar ɓarin jiki su daidaita takunsu, domin ƙwaƙwalwa na hasashen bugu na gaba, ƙafa kuma ta bi. Tun 1973 wasu likitoci a Boston suka tsara hanyar koya wa wanda shanyewar jiki ta ɗauke wa magana ya rera kalma kafin ya furta ta, bayan sun lura cewa wasu da suka kasa cewa "ruwa" suna iya rera waƙar da suka sani tun suna yara. Tsofaffi masu gigin tsufa su ma sukan natsu idan suka ji waƙar zamanin ƙuruciyarsu. A ciwon damuwa, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017 ya gano cewa haɗa jinya da kiɗa da maganin da aka saba ya fi maganin shi kaɗai, aƙalla na ɗan lokaci.

Akwai kuma inda abin bai yi yadda aka zata ba. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2017, wanda ya haɗa yara 364 masu galahanga a ƙasashe tara, bai ga bambancin a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka yi wa jinya da kiɗa da waɗanda ba a yi wa ba, ta fuskar tsananin alamomin lalurar. Kiɗa ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya maye gurbin maganin farfaɗiya ko na hawan jini. Duk mai horarwar da bai faɗa wa ɗalibansa wannan ba, talla yake yi.

Abin da ke ƙasa a arewacin Kano

Ƙasar da ta taso daga Ungogo da Dawakin Tofa ta nufi Bici, Bagwai, Tsanyawa, Kunci, Makoɗa da Ɗambatta tana cikin yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, saboda yawan jama'arta da yadda gona ke manne da gona, ana noma ta kowace damina da taimakon taki. Wannan cunkoso yana da amfani ga maganarmu. Ƙauye bai yi nisa da ƙauye ba, kasuwa na ci kusan kowace rana a wani gari, kuma tara mutum goma sha biyar a wuri ɗaya ba wuya ba ne kamar a dajin makiyaya.

Kiɗa da waƙa kuwa a cikin aikin yau da kullum suke. Gangar noma a wajen gayya aikinta daidaita saran fartanya da hana gajiya saurin kama majiya ƙarfi. Luguden mata a turmi, waƙar niƙa, waƙar reno da ake lallashin jariri da ita, gaɗar 'yan mata a dandali, kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida, duk suna yin wani abu ga jiki ko ga zuciya ban da daɗin sauraro. Injin niƙa da babur da wayar hannu sun rage wasu daga cikinsu, amma tsofaffin da suka san su suna nan da rai. Ginin waƙar Hausa ma, wato jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, ya dace ƙwarai da jinyar rukuni, domin mara lafiyar da ba shi da ƙarfin fara magana yana iya amsa amshi.

Akwai misali ɗaya da aka rubuta a mujallar likitoci. A 2002 likitan mata Lewis Wall, wanda ya taɓa zama a ƙasar Malumfashi yana nazarin magungunan Hausawa, ya buga bayani kan wata waƙar Hausa da mata masu yoyon fitsari ke rerawa a tsakaninsu, ya nuna yadda take sa macen da aka ƙaurace wa a gida ta gane ba ita kaɗai ba ce. Matan ba su jira wani mai digiri ba. Abin da babu shi ne wanda zai zauna da su ya lura, ya rubuta, ya kai darasin wata cibiyar.

Ta fuskar asibiti, a ƙofar wannan yanki asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake. A cikin birni akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, inda masu gashin ƙashi ke aiki da masu shanyewar jiki kullum, da makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya gaba ɗaya ba su kai ɗari uku ba, ga mutum sama da miliyan ɗari biyu. Wanda mutumin ƙauye ke gani shi ne ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, ko mai kyamis, ko malami.

Bori, malamai da zaɓen kayan kiɗa

Ba za a tsallake batun bori ba, domin shi ne tsohuwar hanyar da Bahaushe ya haɗa kiɗa da warkarwa. A girka, mai garaya ko mai goge yana kaɗa taken kowane iska, ana ganin cewa sautin ne ke kiransa. Fremont Besmer ya rubuta littafi a kan makaɗan bori na ƙasar Kano a 1983. Tun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai ke yaƙar wannan al'ada, kuma bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, da kafa hukumar tace fina-finai a 2001 da dokar Hisba ta 2003, sai ta ƙara ja baya daga idon jama'a, ruƙiyya ta cike wani ɓangare na gurbin.

Bambancin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya duba. Ɗan bori yana cewa iska ce ta kama mutum, kiɗa kuma sulhu ne da ita. Mai jinya da kiɗa ba ya kiran kowa. Yana aiki ne da abin da sauti ke yi wa numfashi, da bugun zuciya, da tunani, da taku. Sai dai wannan bayani ba zai hana mai gida ya ji goge a ɗakin matarsa ya tashi hankalinsa ba. Haka kuma macen da ta taso a gidan da ake bori tana iya fita hayyacinta idan ta ji wani take, ko da mai kaɗawar bai nufi komai ba. Wannan darasi ne da ba za a same shi a manhajar Landan ba, kuma dole ya shiga horon duk wanda zai yi aiki a nan.

Malamai sun daɗe da saɓani kan kiɗa. Akwai masu haramta kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki. Imam Ghazali ya ware babi a Ihya'u yana duba hukuncin ta fuskar mai sauraro da abin da ake faɗa, Ibn Hazm kuma ya tafi a kan halacci. A Kano kanta, bandiri na cikin zikirin Ƙadiriyya, wasu malaman kuma suna sukar hakan. Ba aikin ma'aikacin lafiya ba ne ya yanke wannan hukunci. Aikinsa ya san cewa mafi yawan abin da ake buƙata ana samunsa da murya da tafi kawai: bugu mai daidaito, amshi, numfashi mai tsawo. Gidan da ba a yarda da ganga ba, sau da yawa an yarda da waƙen wa'azi ko yabon Annabi. A tambayi iyalin mara lafiya abin da suka aminta da shi kafin a ɗaga murya. Karatun Alƙur'ani kuwa ba kiɗa ba ne, kuma mai hankali ba zai jera shi cikin kayan aikin wannan sana'a ba.

Giɓin doka da na makaranta

Hukumar da ke yi wa masu farfaɗo da marasa lafiya rajista a Nijeriya an kafa ta ne da dokar soja ta 1988. Tana kula da masu gashi, da masu gyaran magana, da masu auna ji, da masu koya wa mara lafiya komawa ayyukan yau da kullum. Jinya da kiɗa ba ta cikin jerin. Ma'anar wannan ita ce babu wanda zai hana kowa kiran kansa da sunan, babu kuma matakin albashi da za a ɗauki gwanin gaske a kai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya da kula da shi a cikin al'umma, abin da ke buɗe ƙofa ga irin wannan aiki ko da ba ta tsara shi ba.

Masana da suka yi rubutu a fannin, irin su Anthony Mereni na Jami'ar Legas da Charles Aluede na jami'ar Ekpoma, daga sassan nazarin kiɗa na kudu suka fito, inda Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Kano kuwa, ilimin waƙa yana hannun masana Hausa, kamar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da tsara hanyar nazarin waƙar baka. Ilimin jiki da ƙwaƙwalwa yana kwalejin likitanci. Iya kiɗan kansa yana gidajen makaɗa. Wurare uku ne da ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya ba, kuma a ganina haɗa su shi ne ainihin aikin zumuncin sana'a a nan, tun kafin a yi maganar halartar taron duniya.

Wa za a horar?

Ra'ayi ya rabu biyu. Masu ra'ayin farko suna cewa a ɗauki ma'aikacin lafiya, nas ko mai gashi ko jami'in lafiya na matakin farko, a koya masa amfani da waƙa. Hujjarsu ita ce ya riga ya san sirrin mara lafiya amana ne, ya san alamun haɗari, ya saba rubuta bayani. Masu ra'ayi na biyu suna cewa a ɗauki makaɗi ko zabiya a koya musu ka'idojin jinya, domin kunnen da ke jin inda bugu ya kauce ba a samunsa a bitar mako biyu. Yaron makaɗi yana shekaru yana ɗaukar ganga, ya zama ɗan amshi, kafin ubangidansa ya sallame shi. Wannan horo ne mai tsawo, har ya fi na wasu makarantu tsanani.

Matsalar hanya ta biyu tana cikin tattalin arzikin kiɗan Hausa. Makaɗi ya saba da kyauta da liƙi, ya saba wasa mai abin hannu, kuma har yau wasu na yi wa sana'ar kallon roƙo. Jinya tana buƙatar akasin haka: ya yi shiru ya saurari wanda ba shi da ko sisi, kada kuma ya fita ya mayar da ciwon wani abin waƙa. Matsalar hanya ta farko kuma ita ce ma'aikacin sha-ka-tafi aiki ya riga ya yi masa yawa.

Abin da aka gwada a Gambiya ya nuna hanya ta uku, wato a haɗa su biyun su yi aiki tare. A can akwai ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, waɗanda suka sha fama da rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya, kuma aka san su da waƙa da barkwanci a bukukuwa. Masu bincike daga Landan da Ostareliya tare da hukumomin Gambiya suka shirya da su su riƙa jagorantar zaman waƙa da mata masu ciki a asibitocin awo, sau ɗaya a mako har mako shida. Sakamakon da aka buga a 2020, a kan mata 124, ya nuna alamun damuwa sun ragu a wajen waɗanda suka halarta. Gwajin share fage ne, ba a gina babban hukunci a kansa. Amma ƙasa ce ta Musulmi manoma, kuma babu ko ɗaya cikin matan da aka kira da sunan ƙwararriyar mai jinya da kiɗa. Sun yi abin da suka iya, ma'aikatan lafiya suka tsaya a kan nasu.

Zumuncin da zai iya rayuwa a karkara

Tsarin da ya fi dacewa da wannan ƙasa ba baƙo ba ne. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru: daga kowane ƙauye dattijuwa da ake kira jaji ke jagorantar mata zuwa wurinta, a naɗa mata malfa, ta koyi waƙoƙin ilimi, ta koma ta koyar, ta sake dawowa da tambayoyi. Cibiya ɗaya, wakilai da yawa, da komawa akai-akai. A fannin lafiya ma an yi makamancin haka. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Idan aka ɗora wannan a kan arewacin Kano, cibiyar za ta kasance inda likitan ƙwaƙwalwa da mai gashi suke, wakilan kuma a manyan asibitocin Bici da Ɗambatta da ƙananan asibitocin da ke kewaye da su. Zuciyar tsarin shi ne zaman duba aiki. Wanda ya jagoranci waƙa da masu awo ko da mai shanyewar jiki ya zo ya faɗi abin da ya yi, da inda ya rikice, na gaba da shi ya gyara masa. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, wannan zama ya fi kowace takarda daraja, kuma bai buƙatar komai sai lokaci da kuɗin mota. Lokacin ma sai an zaɓa. Bitar da aka sa a tsakiyar damina, ana noman farko ko maimai, ba za ta ga kowa ba. Bayan an kai amfanin gona gida, ranar da ba ta kasuwa ba, ita ce ta taro.

Waya na rage nisa. Saƙon murya a WhatsApp ya dace da wanda karatun boko bai yi masa yawa ba, ana kuma iya tura salon waƙa a ji. Haɗarinsa shi ne ɗaukar muryar mara lafiya ko hotonsa a tura zaure, daga nan ya bazu gari. A ƙauyen da kowa ya san muryar kowa, ɓoye suna ba ya ɓoye mutum. Ga masu jin Turanci, mujallar Voices da ake fitarwa daga Norwe tun 2001 kyauta ake karanta ta a intanet, kuma ta ba da fili sosai ga salon da ake kira jinya da kiɗa ta al'umma, wanda ya fi kama da halinmu a kan salon mutum ɗaya a rufaffen ɗaki. Wanda ya karanta sai ya juya wa sauran da Hausa.

Rabuwar maza da mata ita ma sai an yi lissafinta tun farko. Matan da ke kulle mace ce kawai za ta shiga wurinsu, don haka zumuncin da bai ƙunshi ungozomomi da malaman Islamiyya mata da zabiyoyi ba ya bar rabin marasa lafiya a baya. Mai unguwa da limami kuma gara su ji labarin daga bakin masu aikin kafin su ji shi a majalisa.

Abin da ka iya biyo baya

Idan aka bar fagen yadda yake, masu sayar da satifiket ne za su riga kowa, sunan ya lalace kafin sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Haɗari mafi girma shi ne jinkiri: a tsaya ana yi wa mai farfaɗiya ko mai jegon da hankalinta ya gushe waƙa, alhali asibiti take buƙata a ranar. Shi ya sa darasi na farko ga duk wanda za a horar shi ne sanin lokacin da zai ajiye waƙa ya nemi mota zuwa Dawanau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhaja tun 2010 da ke koya wa ma'aikatan matakin farko gane irin waɗannan alamu, kuma ana iya ɗora horon waƙa a kanta maimakon a ƙirƙiro sabon tsari.

Idan kuma aka bi a hankali, ribar farko da za a gani ƙarama ce amma ta gaske: mai shanyewar jiki da ke ci gaba da atisaye a gida saboda jikarsa na tafa masa, mai ciki da ke ɗokin ranar awo, tsohuwar waƙar reno da aka rubuta kafin mai ita ta rasu. Daga irin waɗannan bayanai, in an tara su shekara da shekaru, jami'a za ta samu abin gina kwas, hukuma kuma ta samu dalilin buɗe rajista.

Sauran batun da ba a warware ba shi ne na suna da na lada. Wanda bai yi digiri ba bai kamata ya ɗauki sunan da a wasu ƙasashe doka ke karewa ba, amma dole a samo masa sunan Hausa da zai gabatar da kansa da shi a ƙofar gida, wanda ba zai sa a zaci maroƙi ne ko ɗan bori ba. Zabiyar da ta bar gidan biki ta zo asibitin awo kuma ta yi asarar kuɗin wunin, kuma kasafin ƙaramin asibiti, wanda da ƙyar yake sayen safar hannu, ba shi da layin da za a biya ta a kai.